Kwana biyu a daji, aiki bai tsaya ba: jagora ga mai shugabantar masu rubuta manhaja

Tun da abokan sana'a na Garwa, Marwa da Ngaundere, a nan arewacin Kamaru, suka san cewa ina hawan dutsen Tingelin, ina kuma sauka kwazazzabon Kola, tambaya ɗaya ce take ta dawowa: "Kai da ke riƙe da saba, ga mutum shida a ƙarƙashinka, yaya kake yi ka ɓace kwana biyu inda babu rezo?" Saba ita ce kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta don jama'a su yi amfani da ita, rezo kuma sabis ɗin waya. Wasu zolaya suke yi, wasu kuwa da gaske suke tambaya, don na san wanda ko bikin ƙanwarsa da kwamfuta a jaka ya je, ya zauna a zaure yana gyaran rumbun bayanai ana ɗaurin aure. Na gaji da amsawa ɗaiɗai, shi ya sa na zauna na jera abin yadda nake yinsa. A bi shi a jere. Mutane da takalmi da jaka suke farawa, alhali su ne na ƙarshe. Mafi yawan shirin a ofis ake gama shi.

1. Tsayar da rana

Kalanda biyu za ka ɗora kan juna, ta yanayi da ta aiki.

Ta yanayi ba ta da wuya. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu ne lokacin tafiyar ƙafa a nan arewa: ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, safiya da sanyin hunturu. Maris da Afrilu kuwa Garwa tana haura digiri 40, dutse yana ɗaukar zafi kamar tanda. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, ciyawa ta fi mutum tsawo, rafukan da ka tsallaka da takalmi a Janairu sun zama koguna.

Ta aiki ita ce ke buƙatar ido. Idan manhajarku tana taɓa kuɗi, ko biyan albashi, ko an haɗa ta da hanyoyin biyan kuɗi ta waya irin MoMo da Orange Money, ka cire ƙarshen wata da farkonsa daga lissafi, don a lokacin ne kaya ke yi wa saba nauyi. Ka cire makon da za ku miƙa wa kwastoma aiki, da makon da ke biye da shi, saboda koke-koke bayan miƙawa suke zuwa. Hutun Ranar Matasa na 11 ga Fabrairu yana faɗowa a lokaci mai kyau, in ya haɗu da ƙarshen mako to an dace. Ka tsayar da ranar mako uku kafin ta zo, ka faɗa wa yaranka da wanda ke samanka a rubuce.

Hattara: in kuna da kwastoma a Faransa, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu da nasu ɗaya ne, sauran watanni suna gabanmu da awa guda. Ka rubuta lokacin tafiyarka da na dawowa da agogon da za su gane.

2. Jerin abin da kai kaɗai ka iya

Ɗauki takarda, ka ajiye ta gefen kwamfuta tsawon mako guda. Duk sanda wani ya zo ya ce "Shef, sai kai", ka rubuta me ya kawo shi. Kada ka dogara da tunani, don kai ba ka ganin yawan abin da ka tara a hannunka sai an lissafa maka. Lokacin da na fara yi, abu goma sha ɗaya na samu. Ni kaɗai ke amincewa a haɗe sabon kod da babban reshe, wato ainihin kwafin manhajar, a GitHub, shafin da muke ajiye kod. Ni kaɗai ke da mabuɗin shiga saba. Katin bankin da ke biyan hayar saba nawa ne. Lambar tabbaci ta shiga asusun da aka yi rajistar adireshin shafinmu a wayata take sauka. Har wani ɗan rubutun kod da ke share tsofaffin fayiloli in faifai ya cika, a kwamfutata yake zaune, babu wanda ya san da shi.

Ka raba jerin gida uku: abin da zai iya jira ka dawo, abin da za ka koya wa wani cikin makon nan, da abin da bai kamata ma a ce hannu ke yinsa ba, sai a sa na'ura ta riƙa yi da kanta. Gida na biyu shi ne aikinka na mako biyun da suka rage.

3. Naɗa muƙaddashi, ka ba shi iko na gaske

Nan ne shugabanni da yawa ke yin rowa. Sai su ce "wane, ka kula da yara", su tafi da duk makullai a aljihu. Wannan ba wakilci ba ne, gadin kujera ne.

Ba lallai wanda ya fi kowa iya rubuta kod ne za ka zaɓa ba. Nemi wanda ba ya rikicewa in waya ta yi ƙara sau uku a jere, wanda zai iya ce wa kwastoma "mun gani, muna kai, za mu kira ka ƙarfe huɗu" ba tare da ya yi alƙawarin da ba zai cika ba. A wurinmu wata yarinya ce, shekararta biyu kacal da mu, akwai waɗanda suka girme ta a aiki. Da na faɗa mata sai ta ce, "Yaya, in na yanke hukunci ka dawo ka ce ba haka ba fa?" Na ce mata, "Ƙanwata, in kin yanke, ya yanku. Gyara a tsakaninmu ne, ba a gaban yara ba." Tambayarta ita ce zuciyar lamarin. Muƙaddashin da ke tsoron ka dawo ka kunyata shi ba zai taɓa komai ba, zai zauna yana neman layinka har saba ta mutu.

Ka rubuta masa iyakar ikonsa a shafi ɗaya. Yana da ikon mayar da manhaja sigar da ta gabata ba tare da ya tambayi kowa ba. Yana da ikon kashe wani sashe na manhaja in shi ke kawo matsala. Yana da ikon kashe kuɗi har zuwa adadi kaza, ka rubuta adadin da lamba, don sayen data, man janareta ko ƙara wa saba ƙarfi. Ba shi da ikon goge bayanan kwastoma, ko sa hannu a sabuwar yarjejeniya. Sannan ka sanar da naɗin a gaban kowa, musamman manyan da za su ga kamar an tsallake su. Ka same su ɗaya-ɗaya tun kafin sanarwar, ka ce kana so su mara masa baya. Girmamawar nan ta minti biyar tana hana gutsiri-tsoma na wata guda.

Hattara: muƙaddashi ma mutum ne, yana barci, yana zuwa masallaci, zazzaɓi yana kama shi. Ka sa masa na biyu, a rubuta wa ke riƙe da waya da rana, wa ke riƙe da ita da dare.

4. Makullai

Bari in ba da labarin da ya koya mini wannan mataki. Wata Asabar ina saman Tingelin, na zauna kan wani falalen dutse ina kallon kogin Binuwai ya miƙe can ƙasa kamar zaren azurfa cikin hazo, na ciro kilishi ke nan, sai waya ta kamo rezo sanda ɗaya. Saƙonni goma sha huɗu suka zubo. Satifiket ɗin tsaron shafin wani kwastoma ya ƙare, duk wanda ya buɗe shafin sai burauza ta yi masa jan gargaɗi. Gyaran bai fi minti biyar ba, yaran ma sun san yadda ake yi. Amma shiga asusun yana neman lambar tabbaci, lambar kuma a layin da ke aljihuna take sauka, tana mutuwa kafin in samu rezon tura musu ita. Na yi awa biyu ina zagaye dutse da waya sama kamar mai neman wata. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Ga yadda za ka kauce wa irin haka. Kalmomin sirri na aiki su koma cikin ma'ajiya ta haɗin gwiwa irin Bitwarden, kowa da asusunsa, ba a takarda ko cikin hirar WhatsApp ba. A GitHub ko GitLab, mutum biyu aƙalla su kasance da matsayin mai gida. A saba, muƙaddashi ya sami mabuɗin SSH, wato na shiga saba daga nesa, nasa na kansa, kada ka kwafa masa naka, don in ya bar aiki gobe sai a cire nasa kawai. Duk asusun da ke tura lambar tabbaci ta saƙon waya, a mayar da shi kan manhajar da ke samar da lambar, ko a ƙara mutum na biyu. Lambobin ceto da ake bayarwa ranar da aka kunna tabbaci mai hawa biyu, wato kalmar sirri da lambar tabbaci, a buga su a takarda, a rufe a ambulan, a sa a durowa mai makulli da mutum biyu suka sani.

Sannan ka duba duk abin da ke da ranar mutuwa. Satifiket na Let's Encrypt, masu ba da satifiket ɗin tsaron shafi, kwana 90 yake yi, kuma tun watan Yunin 2025 sun daina aiko da imel na tunatarwa, don haka in sabuntawar da ke yin kanta ta lalace, babu mai gaya maka. Duba ranar ƙarewar adireshin shafi, ranar biyan hayar saba, ranar ƙarewar katin bankin da ke biya, da kuma data ta ofis. Duk wanda zai faɗo cikin kwana goma masu zuwa, a sabunta shi yanzu.

Hattara: ba wa mutum mabuɗi ba ya nufin ƙofa za ta buɗe. Ka tsaya a kansa ya shiga kowane asusu da hannunsa, daga kwamfutarsa, kana kallo.

5. Daskarar da aiki, a gwada kwafin ajiya

Kwana biyu kafin tafiya a daina ɗora sabon abu kan sabar da jama'a ke amfani da ita. In Juma'a za ka fita, ɗorawar ƙarshe ranar Laraba da safe ce, don a sami yini biyu ana kallonta. Yara su ci gaba da rubutu a rassansu, su duba wa juna, amma haɗewa da babban reshe ya jira Litinin. A kunna kariyar reshe don kada wani ya tura kai tsaye bisa kuskure. Kullum akwai mai zuwa ranar Alhamis da yamma da "ɗan ƙaramin gyara ne, layi biyu". Layi biyun nan ne ke hana mutane barci.

Kwafin ajiya kuma, tambayar ba ita ce ko ana yi ba, tambayar ita ce ko yana dawowa. Muƙaddashi ya ɗauko kwafin rumbun bayanai na daren jiya, ya zuba shi a wata na'ura ta gwaji, ya buɗe ya ga bayanan jiya suna ciki. Ya auna minti nawa abin ya ci, ya rubuta. Kwafi ɗaya aƙalla ya kasance a wani wuri daban da sabar, don in gobara ta ci ɗaki ba ta barin abin da ke ƙarƙashin gado.

6. Takardar "in kaza ta faru"

Shafi biyu sun isa. Matsaloli biyar ko shida da suka fi yawan faruwa, kowace da alamarta, da umarnin da za a rubuta harafi da harafi, da wanda za a kira. Faifai ya cika. Saba ba ta amsawa. Biyan kuɗi ta waya yana maƙalewa. Wuta ta ɗauke a ofis, wanda a nan ba baƙon abu ba ne, musamman in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya a ƙarshen rani. Intanet ta yanke gaba ɗaya, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka har da Kamaru suka shiga matsala. Irin wannan ta ƙarshe babu abin da muƙaddashi zai gyara, aikinsa ya sanar da kwastomomi ya kuma hana yara taɓa abin da lafiyarsa ƙalau.

A sa mai gadi na na'ura da ke leƙa shafin kowane 'yan mintuna. Mu wanda ake kira Uptime Kuma muke amfani da shi, kyauta ne, yana aika gargaɗi ta Telegram. Amma a ɗora shi a wata saba daban, don mai gadin da ke kwana ɗaki ɗaya da ɓarawo ba ya ihu. Kuma ka cire sunanka daga masu karɓar gargaɗin na kwanakin tafiya.

A ƙarshen takardar ka rubuta abu biyu ko uku kacal da suka isa a neme ka: an sace bayanai, an yi asarar kuɗin kwastoma, ko wani cikin yara ya shiga wani hali. Saƙon ya zama rubutaccen saƙon waya na gargajiya, gajere, don shi yana ratsawa inda data ba ta shiga.

7. Gwajin yini guda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin fita, ka zaɓi ranar aiki, ka kashe waya daga safe zuwa la'asar, ka zauna a gida ko ka je kasuwa. Da yamma ka tambayi muƙaddashi ina aka cije. Duk abin da ya faɗa, ka toshe shi. Wanda ya tsallake wannan mataki, a kan dutse zai yi gwajinsa, kamar yadda na yi.

8. Ina za a je

Fara da kusa. Tingelin yana arewa da Garwa, hanyar Pitowa, fitar safiya ce a dawo kafin azahar, kuma rezo yana zuwa yana tafiya. Kwazazzabon Kola yana kusa da Gider, kimanin kilomita 100 daga Garwa, inda kogin Mayo Luti ya sassaƙe baƙin dutse ya yi lunguna masu santsi, ƙasansu yashi. Tafkin Lagdo ya dace da wanda ke son ruwa da kwale-kwale. Mutanen Ngaundere suna da dutsen garinsu, da tafkin Tizon, da magangarar ruwa ta Tello, ga sanyin tudu. Wanda ya saba, sai ya nufi gandun dajin Binuwai da ke kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere, inda ake ganin dorina a kogi, ko tsaunukan Alantika ta wajen Poli, waɗanda suke son kwana uku ko fiye da ƙafa mai ƙarfi.

Maganar tsaro ba a yi mata kara. Gandun dajin Waza da tsaunukan Mandara, har da Rumsiki mai duwatsun nan masu tsini, suna cikin wuraren da suka fi kyau a ƙasar nan, amma yankin iyaka ya sha fama da Boko Haram, tun sace iyalan nan Faransawa a kusa da Waza a Fabrairun 2013. Ta gabas kuma, wajen Mayo Rey da Tuboro, an sha samun masu garkuwa da mutane. Hali yana canzawa daga wata zuwa wata. Kafin ka tsayar da wuri ka tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, da wani ɗan garin, da ofishin jandarma mafi kusa. In biyu cikin ukun suka yi shiru suka kalli juna, canza wuri.

Hattara: kada ka shiga kwazazzabon Kola da damina, ko da sama tana garau a inda kake. Ruwan da aka yi can sama yana iso wa lungu babu sallama. A Lagdo kuma kada ka yi wanka a ruwan gefe mai kwanciya, akwai tsargiya, kuma dorina ba ta wasa.

9. Ɗan jagora da gaisuwar masu gari

Da ɗan gari akan ci gari. A gandun daji na gwamnati dole ne ma: za ka biya kuɗin shiga a ƙofa, a haɗa ka da ma'aikacin gandun, ba a sauka daga mota sai inda ya ce. A ƙauye kuwa, kafin ka sa ƙafa kan dutse ka nemi gidan jauro ko lawan. Ka cire takalmi, ka gaisa, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Garwa, dutse muke so mu hau mu sauko kafin la'asar." Ɗan goro ko sukari da ganyen shayi ya isa. Shi zai ba ka yaron da ya san hanya, kuma in wani abu ya faru an san da ku. In Fulatancinka bai nuna ba, tafi da wanda ya iya, don a ƙauyuka da yawa shi ne harshen da ya haɗa kowa. A yi cinikin ɗan jagora tun a ƙasa, a gaban mai gari. Wasu duwatsu da itatuwa suna da alfarma a wurin mutanen yankin, in an ce ba a hawa nan, ba a hawa. Kada a ɗauki hoton mutum sai ya yarda.

10. Kaya

Ruwa ne kan gaba. Ka lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa ta tafiya, ka ƙara lita ɗaya ta ko-ta-kwana, ka bar wani a mota. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti, in babu sai a haɗa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci wanda ba ya lalacewa: kilishi, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, burodi.

Takalmi rufaffe mai kama dutse, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, sabo yana fasa diddige. Dogon wando, riga mai dogon hannu, malafa ko rawani. A dajin Binuwai ka guji baƙin kaya da shuɗi mai duhu, su ƙudan tsando ke bi. Tocila ta goshi, ashana, wuƙa, bandeji, maganin ciwon kai, gidan sauro in za a kwana. Katin shaidarka da takardun mota a aljihun gaba, don shingayen bincike suna da yawa a hanya. Kuɗi tsaba kuma ƙanana, a ƙauye ba kowa ke karɓa ta waya ba, canjin takardar sefa 10,000 ma aiki ne.

Waya: layi biyu na kamfani daban-daban, MTN da Orange misali, don inda ɗaya ya ɓace wani lokaci ɗayan yana nan. Batirin ko-ta-kwana mai mAh 20,000 ya isa kwana biyu. Ka sauke taswirar yankin tun a gida a Organic Maps ko OsmAnd, don GPS ba ya buƙatar rezo. Sa wayar a yanayin jirgin sama, neman rezo ne ke shanye batir.

Kwamfuta fa? A bar ta a gida. In ka ɗauke ta za ka buɗe ta, in yara sun san tana jakarka ba za su yanke komai ba. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina.

Hattara: kububuwa tana da yawa a kwarin Binuwai, ƙarama ce, launinta na ƙasa, tana son gindin dutse da busasshiyar ciyawa. Kada ka zura hannu inda ido bai gani ba, ka kakkaɓe takalmi da safe. In ta sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai, don dafinta jini yake hana daskarewa kuma alamar tana iya jinkiri. Tun kafin ku fita ku san asibitin da ya fi kusa.

11. Kuɗi

Mai ne ke cin kaso mafi girma. Lissafa shi da kanka: Garwa zuwa Gider da dawowa kusan kilomita 200 ne, motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 20, a farashin sefa 840 da gwamnati ta sa a Fabrairun 2024 ya kama sefa 16,800. In ku huɗu ne, kowa 4,200. Zuwa-zuwa, man da ake sayarwa a bakin hanya, ya fi araha, amma ni ba na zuba wa motar da za ta shiga daji man da ban san me aka gauraya masa ba. Bayan mai sai ladan ɗan jagora, gaisuwar mai gari, ruwa da abinci, kuɗin shiga in gandun daji ne, da ɗaki in za a kwana. Kuɗin gandun daji ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, akan kuma caji mota da kyamara daban, don haka ka kira ofishin gandun ka ji kafin ka taso. Kan duk abin da ka lissafa ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, na faci da abin da ba a zata ba.

Akwai kuɗin da ake mantawa: na muƙaddashi. Wanda ya riƙe waya Asabar da Lahadi aiki ya yi. Ka saya masa data, ka ba shi hutun yini a mako mai zuwa, ka kuma faɗi sunansa a gaban manya in ana maganar ƙarin girma. In ba haka ba, karo na biyu za ka ga kowa yana da biki a ƙauye.

12. Ranar fita

A tashi bayan sallar asuba, a fara hawa da fitowar rana, a juyo kafin ƙarfe 11. Ku tsayar da lokacin juyawa tun a ƙasa, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A hunturu kafin shida da rabi duhu ya rufa, kuma ba a tuƙin dare a hanyoyin daji. Ka bar wa mutum ɗaya a gida sunan wurin, lambar mota, lambar ɗan jagora, da lokacin da in ya wuce bai ji ku ba zai fara nema. Tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ta kai ta kasaru, kuma ƙasa mai tsarki ba ta yankewa a daji in ruwa ya yi ƙaranci.

Waya sau biyu a yini, ƙarfe 7 na safe da 6 na yamma, minti biyar, saƙon waya kawai. Babu saƙo, babu matsala. Kada ka kira ka ce "ya ake ciki?", wannan kiran yana rushe duk ikon da ka bayar. Awa ukun farko hannunka zai riƙa zuwa aljihu da kansa, har ka ji kamar wayar ta yi motsi alhali a kashe take. Yana wucewa. In wani cikinku ya fara ciwon kai, jiri, ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan in yana iya sha, tafiya ta ƙare.

In za ka gayyaci yaran ofis, gayyata ce, ba umarni ba, kuma kada duk masu makulli su shiga mota ɗaya. Wanda bai zo ba kada ya ji a jikinsa ranar Litinin, mata da masu iyali ba kowace Asabar ce tasu ba.

13. Dawowa

Litinin da safe, kafin ka buɗe imel, ka zauna da muƙaddashi minti talatin. Me ya faru, me ya yanke, ina takardar ta gaza. In an yi kuskure, a tambayi me ya sa kuskuren ya yi sauƙin aukuwa, a gyara wannan, ba a nemi wanda za a ɗora wa ba. Abin da ya yanke wanda ba haka za ka yi ba amma bai ɓata komai ba, ka haɗiye. A sabunta takardar "in kaza ta faru" a ranar, tun abin yana sabo a kai. A cire daskarewar, a ɗora ayyukan da suka taru ɗaya bayan ɗaya, ba a dunƙule ba. Ikon da ka ba shi na amincewa da kod da shiga saba, kada ka karɓe, ka bar masa. Sannan ka buɗe kalanda ka tambaye shi wane ƙarshen mako yake so ya kashe tasa wayar, kai ka riƙe.